Gayya a Kan Darasin Tuƙi

Shekarun Zayyad ashirin da shida, kuma bai taɓa juya sitiyarin mota tana tafiya ba. A Kano babur yake hawa, da ya zo Guangzhou kuwa sai ƙafa da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Aiki yake yi a shagon tura kaya na Alhaji Kallamu, mutumin Maraɗi, a wani lungu bayan kasuwar Canaan. 'Yan kasuwa su sayo riguna da takalma su jibge a ƙofar shagon, shi kuma ya auna, ya danna a buhu, ya naɗe da selotef, ya rubuta sunan mai kaya da garin da za a sauke. Daga nan wani direba ɗan ƙasar mai suna Lao Tan ya zo da motar haya ya kwashe zuwa sito.

Wata Litinin Lao Tan ya makara har awa uku. Alhaji ya ce ya gaji da jiran motar wani, tasa zai saya.

"Kai Bakano," ya ce da Zayyad, "ka iya tuƙi?"

"Zan iya, Alhaji."

"Ban tambaye ka za ka iya ba. To ji nan. Mota na zuwa nan da wata huɗu. Tafi ka yi permi, takardar tuƙi. Jarrabawar farko, wadda ake yi bisa inji, in ka ci ta a zuwan farko na san da gaske kake, in aje maka kujerar direba har ka ƙare sauran. In ka faɗi, Lao Tan na nan, shi ma yana so. Ni ba ni jiran mutum sau biyu."

Shekara uku ke nan Zayyad yana lungun nan. Ya san kowace kwata da kowane mai sayar da selotef. Direba kuwa ba ya ɗaukar buhu, kuma kullum yana wani wuri dabam, yau Foshan, gobe bakin tashar jiragen ruwa. Ya ce ya yarda.

Makarantar tuƙin tana can Tianhe, a hawa na tara na wani dogon gini. Matar da ke kan tebur ta duba fasfo da takardar zamansa, ta ɗauki hotonsa, ta karɓi wayarsa ta saka masa wata manhaja. Da guntun Turancinta da nasa suka fahimci juna. Kafin a rubuta sunansa a jarrabawa sai ya kalli darasi na awa goma sha biyu a wayar. Malamar da ke cikin bidiyon da yarensu take magana, amma akwai Turanci a rubuce a ƙasa. Lokaci zuwa lokaci tambaya za ta fito, sai an taɓa amsa bidiyon zai ci gaba. Wani lokacin kuma wayar za ta yi ƙara, da'ira ta bayyana, a ba shi minti ɗaya ya saka fuskarsa a ciki. In bai saka ba, darasin ya tashi a banza, sai a sake daga farko.

Ya fara washegari da hantsi, a kan wani buhu a ƙofar shago. Malamar tana sanye da farar riga, tana nuna allo da sanda. Ta yi minti goma tana bayanin wanda doka ta yarda ya nemi lasisi da wanda ba ta yarda ba. Zayyad ya ji ƙafarsa ta fara ƙaiƙayin tafiya. Haka ta yi masa a aji biyu na ƙaramar sakandare, shekarar da ya fita shan ruwa bai koma ba. Ya jure har minti ashirin, sai ga wata Hajiya da dila shida tana cewa jirginta gobe ne. Ya ajiye wayar ya tashi. Da ya dawo, da'irar ta zo ta wuce, darasin ya koma farko.

Kwana huɗu yana wannan, awa ɗaya da rabi kawai ya tara.

A bencin shagon akwai mutum uku da kusan kullum nan suke wuni. Baba Ma'azu ya yi shekara ashirin yana jan tirela tsakanin Kano da Legas kafin ciwon baya ya sauke shi, yanzu kayan gyaran mota yake saye yana turawa gida. Malam Shitu mai sayen hijabai ne, ya haddace Alƙur'ani tun yana ƙarami, kuma duk abin da ya wuce ta kunnensa sau biyu ya zauna. Abdoulaziz ɗan Yamai ne, yana jiran masana'anta ta gama masa wasu takalma da aka yi ta ce masa gobe, gobe.

Baba Ma'azu ne ya ga wahalar ta isa.

"Kai yaro, miƙo wayar nan. A garinmu in gona ta fi ƙarfin mutum, gayya ake kira. Saura awa nawa?"

"Goma da rabi, Baba."

"Mu uku ne. Uku da rabi kowa. Zaman banza muke yi dama. Kai dai ka tsaya kusa saboda fuskar."

"Gayya ba ta yiwuwa da yunwa fa," in ji Malam Shitu.

Aka daidaita a kan shayi da gurasar nan mai riɗi da Musulmin ƙasar ke gasawa a bakin titi. Babu wanda ya kira abin ha'inci. A ganinsu awoyi aka ce a cika, kuma ko wa ya riƙe fartanya, gona dai ta nomu. Alhaji Kallamu yana gani daga kujerarsa, bai hana ba, tunda buhuna suna fita a kan lokaci.

Aka jingina wayar da kwalbar ruwa a kan benci. Wanda ke kan layi ya zauna ya zuba ido. In tambaya ta fito ya taɓa amsa, in ba ita ba ce ya taɓa ta kusa da ita har bidiyon ya motsa. In ƙarar ta tashi kuwa, sai lungun gaba ɗaya ya ji.

"Zayyad! Fuska!"

Sai ya saki buhu ya rugo, selotef a wuyan hannu, gumi har cikin ido. Ya ƙifta, ya juya kai dama, ya juya hagu, da'irar ta zama koriya, ya koma bakin aikinsa. Har matar da ke sayar da kwalaye a shagon kusa ta koyi kalmar. Wata rana yana can hawa na uku a cikin kasuwa aka yi kiran, Abdoulaziz ya sure wayar ya sheƙa da gudu, suka haɗu a kan matakala saura daƙiƙa shida. Ranar sai da aka ƙara gurasa.

Baba Ma'azu ba ya kallo shiru. Yana yi yana musu da malamar. "Ji wannan! Wallahi ba ta taɓa hawa tudun Lokoja da lodi ba." Malam Shitu kuwa leɓɓansa ne ke motsi. Abdoulaziz Faransanci ya yi a makaranta, rubutun ƙasan bai dame shi ba, hotuna yake bi.

Cikin kwana biyar gayya ta tashi. Wayar ta nuna awa goma sha biyu cif, matar Tianhe ta turo saƙo cewa jarrabawarsa Litinin mai zuwa ce, ƙarfe tara da rabi. Aka yi ta yi masa barka kamar ya riga ya ci.

Ranar Alhamis, yana jiran jirgi, ya ga wani wuri a manhajar da ake gwada jarrabawar. Tambaya ɗari ce, minti arba'in da biyar, kuma sai mutum ya samu casa'in. Ya ce bari ya taɓa ya gani. Kafin jirgi ya kai tasharsa ya gama. Talatin da takwas ya samu, mafi yawansu ma sa'a ce.

Ya tsaya a bakin tashar yana kallon lambar. Sai a lokacin ya lura cewa darasin an kalle shi kam, amma yana cikin kawuna uku, kuma babu nasa a ciki.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tara su a gidan abincin Hajiya Balki da ke Dengfeng, a hawa na biyu, saman wani shagon waya. Ya sa aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka. Ya ɗauko guntun kwali da biro ya ajiye a gabansa.

"Kowa ya ba ni nasa," ya ce. "Litinin ni kaɗai zan shiga."

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Malam Shitu. Ya wanke hannu, ya lumshe ido, ya fara jerowa da irin muryar da yake tilawa. "Talatin. Hamsin. Hamsin zuwa ɗari. Ɗari biyu, sittin, ɗari. Ɗari, arba'in, hamsin. Maki ɗaya, maki uku, maki shida, maki tara, maki goma sha biyu."

"Dakata, Malam. Talatin ɗin me?"

"Mita."

"Mita daga ina?"

Malam Shitu ya buɗe ido. "To, akwai tashar bas, akwai gada, akwai famfon 'yan kwana-kwana, akwai mararraba. Ba a ajiye mota kusa da su. Wasu talatin, wasu hamsin."

"Wanne ne talatin?"

"Allah Shi ne masani. Ni lambobin na riƙe, ba ka ce in riƙe hotunan ba."

Abdoulaziz ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce su Kanawa haka suke, a ba su jaki su dawo da igiya. Shi nasa rabon alamun titi ne da hannun ɗan sanda, kuma duk suna nan. Ya miƙe tsakanin tebura, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannun hagu sama, tafin yana kallon gaba. Ya sauke, ya miƙa na dama, ya kaɗa shi sau biyu a gaban ƙirji. Ya juya kai kamar yadda ɗan sandan bidiyon ke yi. Ko kuskure ɗaya babu a motsin, har wasu 'yan Ghana da ke cin abinci a gefe suka tafa masa.

"Wannan na biyun me yake nufi?" in ji Zayyad.

"Wannan? Tsaya ke nan." Ya sake yi a hankali yana kallon hannunsa. "Ko kuwa taho. A'a, jira. In ya yi shi hakan ga, kwana ne. Ina ji."

"Kana ji?"

"Mon ami, da Turanci suka rubuta. Mi kake so in yi?"

"Ku zauna kada ku zubar min da miya," in ji Hajiya Balki daga bakin kicin. "Gidan abinci ne nan, ba bariki ba."

Baba Ma'azu ya bari sai da suka gama. Ya suɗe hannu, ya ce yanzu za a yi maganar tuƙi. Shi ya fahimci duk abin da malamar ta faɗa, kuma bai manta ko ɗaya ba. Matsalar ita ce kowace doka da gyaranta yake kawo ta.

"Ta ce in mota ta mutu maka a babban titi, ka kai alamar nan mai kusurwa uku mita ɗari da hamsin a bayanka. Rubuta. Amma zancen banza ne. Kafin ka taka ɗari da hamsin wani ya kwashe ka. Hamsin ta isa, sai ka karyo ganye ka zuba. Rubuta wannan ma, zai yi maka amfani."

"Baba, nata nake so."

"Nata na ba ka ai. Ta ce in na bayanka yana son wucewa ka rage gudu ka matsa dama. To in ka saba wa mutane da haka, har mai keke sai ya raina ka. Ka riƙe layinka, shi ya nemi hanya. Ta ce in taya ta fashe kada ka taka birki da ƙarfi. Nan ta yi gaskiya, ban san wa ya gaya mata ba. Ta ce ba a yin hon a wasu unguwanni. Mota babu hon ai makaho ne babu sanda."

Har la'asar yana yi. Zayyad yana rubutawa, kwalin ya cika gaba da baya. Da ya koma ɗaki ya duba, ya kasa raba maganar malama da ta Baba Ma'azu, domin duk da murya ɗaya suka shigo masa.

Asabar da Lahadi ya roƙi Alhaji hutu, ya zauna da tambayoyin gwaji. Sun fi dubu. Yakan yi ashirin ya tashi ya leƙa taga, ya dawo ya yi goma ya sauka sayen ruwan da ba ya bukata. Duk da haka lambar ta hau. Hamsin da biyar, sittin da tara, sau ɗaya har saba'in da takwas. Ya lura da kansa cewa tashar bas da famfon 'yan kwana-kwana su ne talatin, kuma abin bai yi wuyar da ya zata ba. Lokaci ne dai babu.

Ranar Litinin ya isa wurin tun takwas. Aka sa wayoyi a akwatunan ƙarfe, aka kira lamba, aka nuna masa kwamfuta ta ashirin da bakwai. A gefensa wata yarinya ce da ba ta fi shekara goma sha tara ba, a ɗaya gefen wani tsoho mai furfura. Ya zaɓi Turanci. An gaya musu cewa duk amsar da ba daidai ba za ta nuna ja nan take, kuma in ja ya kai goma sha ɗaya injin zai rufe da kansa. Wanda ya faɗi yana da damar sake gwadawa sau ɗaya kafin ya tashi.

Zaman farko ya yi sauri, kamar mai tsoron kada tambayoyin su huce. Hoton ɗan sanda ya fito da hannu a gaban ƙirji, ya ga Abdoulaziz tsakanin tebura, ya zaɓi tsaya. Ja. A tambaya ta arba'in da bakwai allon ya rufe.

Ya fara zama na biyu. Wannan karon ya bi a hankali, yana karanta kowace tambaya sau biyu da yatsa a kan gilashin. Yarinyar ta gama ta fita. Tsohon ma ya fita. Ya wuce hamsin da ja huɗu, ya wuce saba'in da ja takwas. A saba'in da shida ya zama goma. Daga nan ya ci biyar a jere, har ya fara lissafin cewa saura goma sha tara.

Ta tamanin da biyu ta tambayi nisan da ake ajiye alamar kusurwa uku in mota ta lalace a babban titi. Ya san an faɗa masa wannan. Ya ji ɗari da hamsin, ya ji hamsin, duk a bakin Baba Ma'azu, da ƙamshin miyar kuka. Ɗaya ta malama ce, ɗaya ta Baba. Ya tuna kuma Malam Shitu ya ce hamsin zuwa ɗari a kan wani abu, kuma ga shi a cikin amsoshin. Mutum biyu sun ambaci hamsin. Ya taɓa hamsin zuwa ɗari, ja ya fito, allon ya rufe.

Wani ma'aikaci ya zo ya nuna masa ƙofa da hannu, ba tare da ya dube shi ba.

Ya isa shago bayan azahar. Su ukun suna kan benci, Alhaji yana kujerarsa yana cin gyaɗa.

"Mi aka samu?" in ji Alhaji.

"Ban ci ba, Alhaji."

"To." Ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya ɗauki waya ya kira Lao Tan. Maganar ba ta kai minti biyu ba, rabinta da yarensu, rabinta da hannu duk da ba ganinsa ake yi ba.

A benci kuwa shari'a ta tashi. Baba Ma'azu ya tambayi wace tambaya ce ta ƙarshe, da aka gaya masa ya ce ai ya faɗa, ɗari da hamsin, kowa shaida ne. Malam Shitu ya ce lambobinsa duk sun fito daidai, ba a kama shi da ko ɗaya ba. Abdoulaziz ya ce shi dai ya san ya yi gudu a kan matakala, kuma ba a gode masa ba.

"Gayya dai ta yi kyau," in ji Baba Ma'azu. "Mai gonar ne bai zo girbi da shiri ba."

Zayyad ya koma bakin aikinsa. Akwai dila huɗu a ƙofa da aka kawo tun safe, ya ɗauki selotef ya fara da ta kusa.

Motar ta iso a watan da aka ce, fara, mai ƙofar gefe. Lao Tan ya ɗaura jan ƙyalle a madubinta, ya kawo matashin zama daga gida ya ɗora a kujerar direba. Da yake ba ya ɗaukar kaya, Alhaji ya ce Zayyad ya riƙa binsa sito yana saukewa.

Haka ya fara ganin hanyar Foshan, daga kujerar gefe. Lao Tan ba mai magana ba ne, 'ya'yan kabewa yake ɓarewa da haƙori yana tofa ɓawon a kofin takarda. Wata rana cunkoso ya tsayar da su a kan gada kusan rabin awa. Can gaba wata ƙaramar mota ce ta mutu, mai ita yana tafiya a gefen titi da alamar a hannu, yana ƙirga taku. Zayyad ya bi shi da ido har ya sunkuya ya ajiye ta, ya juyo. Tafiyar da nisa, kuma babu wanda ya kwashe shi.

Layi ya motsa, Lao Tan ya saka giya. Buhu arba'in da biyu ne a baya, kuma sito ƙarfe biyar yake rufewa.